Yadda Ake Ziyartar Gidan Tarihin Da Ba Shi Da Gida

Ranar da na fara fita neman Baseball Reliquary, wani gidan tarihin wasan besbol a Amurka, sai da na ƙona man awa ɗaya da rabi ina karakaina a titunan Pasadena, ina rage gudu a gaban kowane babban gini ko zan hango allo mai sunansa. Na tsaya a wani gidan mai na tambayi yaron da ke kanti, ya ɗaga kafaɗa. Da na dawo, uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ina hotunan gidan tarihin?" Na ce a dai ba ni ruwa tukuna. Da yamma na tare maƙwabcina, wani dattijo ɗan asalin Meziko wanda shi ya fara ba ni labarin wurin, na ce ya tura ni neman abin da babu. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce shi bai taɓa ce mini gini ba ne.

Ƙaramin sani ƙuƙumi. To kada ka yi irin tawa. In Allah ya kawo ka kudancin Kalifoniya kana son ganin wannan abin mamaki, fara da cire hoton Gidan Makama daga ranka, da ƙofarsa da mai yankan tikiti. Wani bawan Allah mai suna Terry Cannon ne ya kafa shi a 1996, mutum ne da ya yi aikin laburare, ba attajiri ba. Da yake ba shi da kuɗin gini, sai ya mai da gidan tarihin ɗan yawo: a ɗauko kaya a jera cikin akwatunan gilashi a laburaren Pasadena na wasu makonni, a kwashe, a kai Burbank ko Pomona. Cannon ya rasu ranar 1 ga Agusta 2020. Tun 2015 dai akwai wata cibiyar nazarin wasan besbol a Whittier College, kimanin kilomita 20 kudu maso gabashin tsakiyar Los Angeles, wadda aka buɗe da haɗin gwiwar Reliquary, kuma a can littattafai da takardu da wasu kayan suke. Saboda haka kafin ka sa makulli a mota, duba shafinsu na intanet ka ga inda suka sauke kaya a wannan watan, ka kuma aika wa cibiyar saƙo ka ji ranar da za a buɗe maka. Makaranta ce, tana da lokutan hutunta. Shi kuma babban laburaren Pasadena da aka saba yin bikin shekara a cikinsa, an rufe shi a 2021 saboda fargabar ginin ba zai jure girgizar ƙasa ba, don haka kada ka dogara da tsohon adireshi da wani ya ba ka.

Sunan ma sai an warware shi. Reliquary a cocin Katolika shi ne akwatin da ake ajiye ƙashi ko gashi ko tsumman wani waliyyinsu. Ni da na ji haka sai da gabana ya ɗan faɗi, na ce kar dai in je in tarar ana wani abin da ba shi kenan ba. Babu komai a ciki sai barkwanci. Cannon yana zolayar 'yan ƙasarsu ne, waɗanda suka ɗauki besbol tamkar addini, suke sayen tsohuwar rigar ɗan wasa da kuɗin da za su sayi gida.

Kafin ka shiga, koyi kaɗan daga wasan, in ba haka ba za ka tsaya kamar wanda aka kai kallon dambe bai san mene ne kisa ba. Ba sai ka haddace dokoki ba. Mutum tara ne kowane ɓangare. Mai jifa yana tsayawa tazarar mita 18 da 'yan kai, ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da kulki ya ruga zuwa zango na farko cikin zanguna huɗu da ake zagayewa kafin a ci. In jifa uku masu kyau suka wuce shi, ya fita. In mai jifa ya yi jifa huɗu marasa kyau, sai a ba mai bugu zangon farko kyauta, ya taka a hankali abinsa. Jifa mai kyau ita ce wadda ta ratsa tsakanin gwiwar mai bugu da ƙirjinsa. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau, don shi ne mabuɗin akwatin da na fi so.

A cikin akwatin akwai wani ɗan bante, irin wanda 'yan wasa ke ɗaurawa ƙarƙashin wando, ƙarami kamar na yaron firamare. An ce na Eddie Gaedel ne. Farkon ganina na kau da kai, na ce yanzu fisabilillahi wannan ne abin nunawa? Sai na karanta takardar da ke gefe. Ranar 19 ga Agusta 1951, mai kulob ɗin St. Louis Browns, Bill Veeck, ya turo Gaedel fili ya yi bugu. Tsawon mutumin ƙafa 3 ne da inci 7, wato santimita 109, lambar da ke bayan rigarsa kuma 1/8. Alƙalin wasa ya ce ba zai yiwu ba, aka zaro masa takardar kwantiragi da sa hannu. To tsakanin gwiwar Gaedel da ƙirjinsa, da ya ɗan duƙa, wace jifa ce za ta ratsa? Bob Cain na Detroit ya yi jifa huɗu, duk suka bi ta saman kansa, Gaedel ya taka zuwa zangon farko jama'a na ihu. Ɗan hakin da ka raina. Cikin kwana biyu shugabannin gasar suka soke kwantiragin, bai sake buga wasa ba. Da ya rasu a 1961, a cikin duk mutanen besbol Bob Cain kaɗai ya je jana'izarsa, wato mutumin da aka yi wa dariya a ranar. Na daɗe a gaban wannan bante fiye da yadda zan so a sani a gida.

Daga nan na gane yadda ake kallon wurin: takardar gefe ake fara karantawa, sannan a dubi kayan. A yawancin gidajen tarihi ido ne ke aiki, a nan kuwa karatu ne. Ka ba kowane akwati minti biyar aƙalla. Kada ka shiga da waya a sama kana ɗaukar hoto, domin abin da za ka koma da shi gida hoton guntun sigari ne da busasshen burodi, kuma ba wanda zai gane dalilin da ya sa ka ɓata mai.

Sai batun gaskiya da ƙarya, wanda shi ne inda baƙo ya fi ruɗewa. Kayan kashi biyu ne a cakuɗe, kuma da gangan aka cakuɗa su. Za ka ga guntun hotdog, dogon burodin nan da ake tsagawa a sa nama, an ce Babe Ruth ne ya gutsura ya bar saura. Za ka ga guntun sigarinsa. Za ka ga wata 'yar fata da aka ce daga cinyar Abner Doubleday aka samo ta. Kada ka kama mai kula da wurin da tambayar "na gaske ne?" kamar ɗan sanda. Ni na yi, murmushi kawai aka ba ni. Tambayi kanka maimakon haka: wa ake zolaya? Doubleday janar ne na yaƙin basasar Amurka, ya mutu a 1893. Bayan mutuwarsa wani kwamiti ya ce shi ya ƙirƙiro besbol a garin Cooperstown a 1839, ba tare da wata hujjar kirki ba, kuma a kan wannan tatsuniya aka gina babban zauren girmama 'yan besbol a garin, aka buɗe shi a 1939. To in babban gida mai kwarjini ya zauna a kan labarin ƙanzon kurege, me zai hana ƙaramin ya nuna fatar cinyar mai labarin? In ka gano wannan, ka gano rabin wurin.

Haka ƙwallayen da ke ɗauke da sa hannun Mother Teresa. Matar da ta ƙare rayuwarta tana jinyar marasa galihu a Kalkata, me ya haɗa ta da besbol? Ashe a ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo wasu gungun 'yan damfara a Kalifoniya da ke ƙirƙirar sa hannun manyan 'yan wasa suna sayarwa, kuma rashin kunyarsu ta kai su har ga rubuta sunanta a kan ƙwallo. Akwatin yana yi wa masu sayen sa hannu da miliyoyi dariya ne.

Wanda ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne tortiya, wata gurasar masara siririya da 'yan Meziko ke ci da komai, mai ɗauke da fuskar Walter O'Malley. In kana da hali, tafi da wanda ya girma a Los Angeles ya tsaya kusa da kai a gaban wannan. Ni da maƙwabcina muka je. O'Malley shi ne mai kulob ɗin Dodgers da ya kwashe shi daga Brooklyn ya kawo Los Angeles a 1958. Filin da aka gina masa, wanda aka buɗe a 1962, yana kan wani kwari da ake kira Chavez Ravine, inda a da unguwannin 'yan asalin Meziko ne. An fara tashinsu da sunan za a gina gidajen talakawa, ba a gina ba, sannan a 1959 aka fitar da na ƙarshe da ƙarfin hukuma aka rushe gidajen. A al'adar Katolikan yankin akan ji labarin fuskar wani mai tsarki ta bayyana a jikin tortiya, mutane su yi tururuwa. A nan fuskar da ta bayyana a abincin mutanen ita ce ta wanda filinsa ya danne unguwarsu. Dattijon ya daɗe shiru, hularsa ta Dodgers a ka. Ya ce mahaifinsa bai taɓa taka filin ba sai a 1981, shekarar da wani saurayi ɗan Meziko mai jifa da hagu, Fernando Valenzuela, ya haukata garin. Ban ce komai ba, don ba wurin maganata ba ne.

Akwai zane-zanen Ben Sakoguchi ma, masu kwaikwayon takardun da ake mannawa a akwatunan lemu na Kalifoniya a da. In sun fito da su, kalla, suna da kyau.

Yanzu sai mutanen. Tun 1999 Reliquary ke zaɓen mutane, yawanci uku a shekara, ta shigar da su abin da ta kira Shrine of the Eternals, wato zauren waɗanda ba a mantawa da su. A Cooperstown 'yan jarida ne ke yin babban zaɓen, sai ɗan wasa ya samu kashi 75 cikin 100, kuma alƙaluman bajinta ake dubawa. A nan kowa ya biya kuɗin zama mamba yana da ƙuri'a. Dala 25 na biya a shekarar da na shiga, aka aiko mini da takardar zaɓe mai suna 50 da taƙaitaccen tarihin kowa. Shawarata, kada ka cike ta a zama ɗaya. Ɗauki suna biyar kowane dare bayan isha'i, ka karanta, ka sa alama da fensir. Ukun da suka fi yawan ƙuri'a su ke shiga. Kada ka zaɓi wanda ya fi kowa iya wasa, wannan yana da masu kula da shi a Cooperstown. Zaɓi wanda in ka ba da labarinsa a majalisa, wanda bai taɓa ganin kulkin besbol ba ma zai gyara zama.

Dubi ukun farko ka gane ma'aunin. Veeck na ciki, mai kulob ɗin da ya turo mai ɗan banten can fili, wanda ya rasa ƙafa sanadin raunin yaƙin duniya na biyu, ya sa ta katako, ya kuma rarake rami a jikinta yana karkaɗe tokar sigari. Sai Dock Ellis, baƙar fata mai jifa a Pittsburgh, wanda rolar naɗe gashinsa ke cikin kayan da ake nunawa. A 1973 ya fito fili da su a kansa, manya suka ce a cire, shi kuma ya ce ai fararen da ke tara suma ba a hana su ba. Ranar 12 ga Yuni 1970 a San Diego ya yi wasa cur babu wanda ya yi masa bugun da ya kai shi zango, bajintar da masu jifa da yawa ke ritaya ba su yi ba, daga baya ya ce a buge yake da ƙwayar LSD a ranar. Matasan Amurka wannan ɓangaren suke so, suna ta ƙyaƙyata shi. Ni ba ya burge ni ko kaɗan. Abin da ya sa na yarda da shigarsa shi ne ya daina, ya kuma ƙare rayuwarsa yana taimaka wa masu shaye-shaye su rabu da shi, har ya rasu a 2008.

Na ukunsu Curt Flood, kuma in kai mai kallon ƙwallon Turai ne, nan za ka fi jin abin a jikinka. A lokacinsa kulob ne ke mallakar ɗan wasa har abada, ko kwantiragi ya ƙare. A Oktoban 1969 St. Louis Cardinals suka miƙa shi ga Philadelphia a musayar 'yan wasa, ya ce ba inda za shi. Ya rubuta wa shugaban besbol wasiƙa ranar 24 ga Disamba, yana cewa bayan shekara 12 yana wasa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba da yardarsa ba. Ya kai ƙara har kotun ƙoli, ya faɗi a 1972, alƙalai 5 da 3, sana'arsa kuma ta mutu. Bayan 'yan shekaru tsarin ya ruguje, waɗanda suka zo bayansa suka kwashi miliyoyi. Abin da Bosman, ɗan ƙwallon Beljiyam, ya yi wa 'yan ƙwallon Turai a 1995 kenan, sai dai shi Bosman ya ci shari'arsa. Flood ya rasu a 1997.

Akwai abin da ke ba ni dariya game da wannan ƙaramin zaure: sau da yawa yana riga babban. Marvin Miller, shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa da ya tsaya wa Flood, ya shiga nan a 2003, Cooperstown ba ta zaɓe shi ba sai 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Minnie Miñoso ya shiga nan a 2002, Buck O'Neil a 2008, dukansu sai 2022 aka shigar da su can, ba ko ɗaya da ke raye.

In za ka karanta tarihin wasu kafin ka je, ga waɗanda zan fara ba ka. Jim Abbott, da aka haifa ba tafin hannun dama, ya yi irin bajintar Ellis a 1993 da hankalinsa garau. Pam Postema, macen da ta yi shekara 13 tana alƙalanci a ƙananan gasanni ba a taɓa ba ta gurbi a babbar ba. Kenichi Zenimura, wanda da gwamnatin Amurka ta tsare 'yan asalin Japan a sansanoni lokacin yaƙi, ya share fili a hamadar Arizona ya gina wurin wasa a cikin sansanin. Nancy Faust, mai kaɗa ogan, wani abin kiɗa mai kama da piyano, a filin Chicago White Sox shekara 41. A 2017, shekarar da na fara halartar bikin shigar da waɗanda aka zaɓa, har wani yaron zanen barkwanci na jaridu, Charlie Brown, aka shigar, wanda kulob ɗinsa kusan kullum kashi yake sha amma gobe ya sake fitowa.

Ranar biki kuma, ga yadda za ka yi, bayan ka tabbatar da wuri da ranar da za a yi shi. Sau ukun da na je a Pasadena, Lahadi ce a watan Yuli da rana, kyauta ake shiga, kuma zauren ba shi da girma. Yi azahar ɗinka tun a gida, ka isa da wuri, in ba haka ba a tsaye za ka ƙare jikin bango. Riƙe gorar ruwa, zafin Yuli a can ba wasa ba ne ko ga wanda ya san Afrilun Sakkwato, don ranar tana dukan kwalta ta dawo maka a fuska. Kada ka sa kwat. Na farko na je da babbar riga saboda na ji an ce bikin girmamawa, na tarar da tsofaffi sanye da gajeren wando da rigunan kulob-kulob da suka koɗe. Ba wanda ya zarge ni, wasu ma hoto suka nema, amma gumin da na yi ni kaɗai na sani.

Abu ɗaya da ba a zuwa babu shi: ƙararrawa, irin wadda ake rataya wa saniya a wuya. Da ita ake buɗe taro. Kowa ya ɗaga tasa a kaɗa gaba ɗaya, ƙara ta cika laburare, wurin da a sauran ranaku ko tari ka yi sai an harare ka. Ana yi ne don tunawa da Hilda Chester, wata 'yar kallo a Brooklyn da ta yi shekaru tana zama a kujerun talakawa na filin Ebbets tana kaɗa ƙararrawa tana ihu. Da sunanta ake ba da kyauta ga fitaccen ɗan kallo tun 2001. Bayan ƙararrawa sai taken ƙasa, wanda ba kasafai ake rera shi yadda aka saba ba, don haka miƙe ka daure kada ka yi dariya kafin masu gari su yi. Sai jawabai. In wanda aka zaɓa ya rasu, iyalinsa ko wani masani ke karɓa, kuma nan ne zauren kan yi tsit. Kada ka gudu da an tashi. Tsaya a bakin ƙofa ka gaisa da tsofaffin, ka ce musu daga ƙasar da ba a buga besbol sosai ka fito. Za su yi maka bayanin komai tun daga farko, ko ba ka tambaya ba, saboda haka ka gaya wa mutanen gida kada su jira ka da abinci.

Ni tawa ƙararrawar a wani shagon kayan noma na saye ta, dala 6. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, kuma uwargida ta mai da ita abin kiran yara cin tuwo.